Yatsan da Ke Maƙalewa

Idu da ke Abuja wuri ne na masu ci da guminsu. Masu walda a yankin masana'antu, 'yan dako a tashar jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, mata masu tuƙa tuwon ma'aikata, kowa da abin da yake damƙe da shi tun safe har yamma. A cikin irin waɗannan hannaye akan samu wata larura da ba a cika ɗaukarta ciwo ba. Mutum zai tashi daga barci ya dunƙule hannu, ya zo buɗewa yatsa ɗaya ya ƙi miƙewa, sai ya sa ɗaya hannun ya ɓanƙare shi, ya ji ƙas! Wani ya ce sanyi ne, wani ya ce targaɗe, a nufi mai ɗori ya yi ta murzar gaɓar tsakiya.

Gaɓar nan kuwa lafiyarta ƙalau. Ɓarnar tana can ƙasa a tafin hannu, daidai gindin yatsa. Jijiyar da ke lanƙwasa yatsa tana bi ta cikin wani siririn zobe ne, kamar yadda zariya ke bi ta ƙubakar wando. In zoben ya yi kauri, ko jijiyar ta yi ƙulli, wucewa sai da fizga. Wani likita Bafaranshe, Alphonse Notta, shi ya fara bayanin larurar a 1850. Ta fi kama babban yatsa da yatsan zobe, ta fi yawa ga mata da waɗanda suka haura shekara 40.

Abin lura a nan shi ne inda ciwo ke kuka ba lallai nan yake kwance ba, kuma ƙarfi ba ya maganin abin da ba a gani ba. Likitoci ma sai da suka koyi wannan. In hutu da ɗaurin yatsa da allurar rage kumburi suka gaza, akan tsaga tafin hannu a yanke zoben. Tun 1958 aka fara yanke shi ta ɗan huji ba tare da tsagawa ba, amma da laluben hannu ake yi, ga shi jijiyar ji ta babban yatsa tana gittawa dab da wurin. Kuskure kaɗan, gefen yatsa ya mace. Yanzu akan ɗora na'urar sikanin, irin wadda ake duba masu juna biyu da ita, likita yana kallon zoben da jijiyoyi da bakin allurarsa kafin ya yanka. Wurin kawai ake kashewa, galibi ba ɗinki, mutum ya kwana a gidansa ranar. Ga wanda abincin gidansa ke tafin hannunsa, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. Sai dai na'ura ba ta aiki da kanta, sai a hannun wanda ya ƙware.

Akwai kuma abin da ya fi damuna. Larurar ta fi addabar masu ciwon suga nesa ba kusa ba, kuma da yawa suna yawo da sugan ba su sani ba. Don haka ɗan'uwa, in yatsanka ya fara maƙalewa, bar murzar nan haka. Ka ga likitan ƙashi, ka nuna masa gindin yatsan, sannan ka nemi a auna maka suga kafin ka bar asibitin.