Ruwan Burtsatsen Sola: Na Mai Gida Ne ko na Jama'a?

A ƙauyukan da wutar gwamnati ba ta taɓa isa ba, yanzu ana ganin farantan sola a kan ƙarafa, da tanki a bisa dogon gini. Farantan na mayar da hasken rana lantarki, lantarkin ya tayar da injin da ke nutse a ƙasan burtsatse, injin ya turo ruwa zuwa tanki. Da dare nauyin ruwan ne ke gangaro da shi famfo, don haka ba a bukatar batir. Tun da aka cire tallafin fetur a 2023 janareta ya gagari mutane da yawa, sai aka koma ga rana. Amma ranar da ruwa ya fara zuba a gida guda, washegari jarkokin unguwa za su yi layi a ƙofar. A nan tambaya ta taso: mai gidan yana da ikon hanawa ko sayarwa, alhali bai halicci rana ba, bai kuma zuba ruwa a ƙarƙashin ƙasa ba? Ra'ayina shi ne, abin da ya mallaka wahalarsa ce da kayan aikinsa, asalin ruwan kuwa amana ne a hannunsa.

Shari'a ta daɗe da rarrabe waɗannan biyun. Hadisi ya sanya ruwa tare da ciyawa da wuta cikin abubuwan da mutane suka yi tarayya a kansu, kuma an ruwaito hani ga sayar da rarar ruwa. Duk da haka malaman Malikiyya ba su yi wa kowane ruwa hukunci ɗaya ba. Rijiyar da aka haƙa a daji don shayar da dabbobi, mai ita ya fara sha, rarar kuma ba ya hana ta. Wadda mutum ya haƙa a filinsa kuwa, yana iya hanawa ko ya sayar, sai dai ga wanda ake tsoron ƙishirwa ta halaka shi kuma ba shi da kuɗi. Wato an girmama gumin mai haƙa, amma an yi masa iyaka da ran ɗan Adam.

Wani zai ce, tunda rana kyauta ce, karɓar ko sisi a bakin famfo cin haram ne. Wannan magana ta manta da abin da ke tsakanin rana da bokiti. Injin yana ƙonewa, yashi na cinye shi, tanki na tsagewa, ƙurar hunturu na rufe farantai sai an riƙa gogewa, ɓarayi kuma na bin waya da dare. Duk wanda ya zaga karkara ya ga famfunan tuƙa-tuƙa da aka buɗe da biki, suka mutu saboda ƙaramin ƙarfe, mata suka koma tafki. Sadaka mai gudana sai tana gudana take amsa sunanta. Sayyidina Usman bai wadatu da rabon ruwa na yini guda ba: ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya mayar da ita wakafi, gugarsa daidai da ta kowa. Hikimar wakafi ita ce kiyaye tushe domin amfani ya ɗore. Saboda haka ɗan kuɗin da ake tarawa a kan jarka don gyara, in an rubuta shi a fili an kuma yafe wa gajiyayyu, ladan aiki ne, kamar yadda ba wanda ke zargin ɗan ga-ruwa don ya karɓi hakkin tura kurarsa.

Wani kuma zai zo ta ɗaya gefen ya ce: filina ne, kuɗina ne, in ga dama in rufe ƙofa, in ga dama in bar injin yana zuba daga hantsi har la'asar. A nan ne sola ta zo da sabon abu. Mai guga gajiya ce ke tsayar da shi, mai janareta tsadar mai, amma mai sola ba abin da ke tsayar da shi sai faɗuwar rana. Ruwan ƙasa kuwa bai san shinge ba. A yankuna irin na Kano, inda dutse ne a ƙasa, ruwan yana maƙale ne a tsagogi da ruɓaɓɓen dutse, ba shi da yalwar da ake samu a kwarin Chadi ko na Sakkwato. Burtsatse mai zurfi da ake ja ba ƙaƙƙautawa na iya sauke ruwan rijiyar maƙwabci har gugarsa ta dawo da laka. Ƙa'idar hana cuta da cutarwa ta shafi wannan kai tsaye. Wanda ya ƙafar da rijiyar talaka, sannan ya sayar masa da ruwa, ya sayar masa da abin da ya ƙwace ne daga gare shi.

Don haka hakkin mai burtsatse da nauyinsa daga tushe guda suke. Ya halatta ya karɓi abin da zai riƙe injin da rai, domin wahalarsa ce. Bai halatta ya kori mai ƙishirwa ko ya yi almubazzaranci ba, domin ruwan ba ƙirƙirarsa ba ne. A aikace, ya sa na'urar da ke kashe injin in tanki ya cika, ya fitar da famfo ɗaya waje, ya kuma zauna da mai unguwa da liman a tsayar da lokacin ɗiba da kuɗin gyara tun kafin motar haƙa ta shigo gari.