Almajiri da Sandarsa: Ko Tafiya Neman Ilmi Tana Gyara Mutum?

Karatu: Farawa 28:10-22, 32:9-32, 33:1-17, Luka 15:11-24

Wata uwa daga cikin zumuntar mata a Bulumkutu ta tare mu bayan sujada da wata tambaya. Ɗanta ya sami wurin karatu a wata ƙasa mai nisa, dangi sun haɗa masa abin da da ƙyar zai kai shi, ba shi kuwa da kowa a can. Ta ce, "Malam, yaron da zai komo mini, shi ne wanda na sallama?" Ba mu iya ba ta amsa nan take ba. Mun ga kuwa ya kamata ƙungiyoyin nazari su zauna a kan wannan magana, gama da wuya a sami ikkilisiyar da ba ta da ɗa ko 'ya a hanya.

Hausawa sun yi magana biyu a kan tafiya. Sun ce tafiya mabuɗin ilmi ce, sun kuma ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Duka biyu gaskiya ne, shi ya sa tambayar ta ke da wuya.

Bari mu fara da wata kalma wadda mu masu aikin juya Littafi mu ke rubutawa kullum. Mabiyan Yesu goma sha biyu, a Hausa almajirai mu ke ce da su. Kalmar daga Larabci ta fito, asalinta kuwa mai ƙaura ne, watau wanda ya bar garinsu. Mutanen Borno sun fi kowa sanin wannan, gama tun zamanin kakanni yara da samari su kan taso daga Kano da Katsina da Damagaram su nufo gabas neman karatun Alƙur'ani, daga su sai allo da ƙoƙo da ɗan buzu. Waɗanda suka riga mu aikin juyi, har suka fitar da Littafi Mai Tsarki dukansa cikin Hausa a 1932, ba su sami kalmar da ta fi wannan dacewa ba. Mun gode musu. Bitrus da Andarawas sun bar tarunansu, Matiyu ya bar wurin karɓar haraji, sa'ad da Ubangiji ya aike su kuma ya hana su ɗaukar guzuri mai yawa. Ashe harshen kansa yana koya mana cewa koyo da barin gida tare su ke tafiya.

Amma me barin gida ya ke yi wa mutum? Mu duba Yakubu. Daga Biyer-sheba zuwa Haran ya fi nisan Maiduguri zuwa Kano. Bawan Ibrahim ya taɓa bin wannan hanya da raƙuma goma da kayan zinariya (Farawa 24), jikan Ibrahim kuwa ya bi ta da ƙafa, shi kaɗai, yana gudun ɗan'uwan da ya cuta. Daga baya shi da bakinsa ya shaida cewa da sanda kaɗai ya haye Urdun. A gida shi ne ɗan lelen uwarsa, mai zama cikin alfarwa. Daren da rana ta faɗi masa a Betel, dutse ya yi matashin kai da shi. A nan ne, inda ba wanda ya san sunan ubansa, Allah ya fara yi masa magana kai tsaye. Mu lura da abin da ya roƙa da gari ya waye: abinci, da sutura, da komowa lafiya. Mutumin da ya yi dabara ya ƙwace gādo da albarka ya komo yana roƙon tuwo da riga. Wannan shi ne aikin farko na tafiyar mai ƙaramin guzuri. Ta kan tuɓe wa mutum sunan gidansu, ta bar shi da abin da ya ke bukata da gaske.

Shekara ashirin ya yi a gidan Laban, goma sha huɗu domin mata, shida domin garke. Mai ruɗi ya gamu da wanda ya fi shi, aka ba shi Lai'atu a duhu kamar yadda shi ya shiga wurin tsohonsa mai duhun ido da tufafin Isuwa. Aka yi ta sauya masa lada, rana ta ƙone shi, sanyi ya hana shi barci. Ya ɗanɗana abin da ya shayar da wani. Duk da haka kada mu yi saurin cewa baƙunci ya gyara shi. Da dabara ya tara dukiyarsa, a ɓoye kuma ya tsere daga wurin surukinsa. Ya ƙara wayo, ya ƙara haƙuri, amma halin yana nan. Sai a bakin rafin Yabbok, da dare, bayan ya haye da iyalinsa ya ragu shi kaɗai kamar dā, aka yi kokawar da ta sauya masa suna, ta bar shi yana ɗingishi.

Game da guzuri, labarin ƙaramin ɗan nan na Luka 15 yana da abin lura. Shi ma ya tafi ƙasa mai nisa, amma da rabon gādonsa a hannu. Muddin kuɗin suna nan bai koyi kome ba, gama mai kuɗi ya kan sayi abokai da masauki, ba ya bukatar ya san mutanen ƙasar. Sai da aljihu ya bushe, yunwa ta zo, sa'an nan hankalinsa ya komo. A nan dole mu faɗi gaskiya game da kanmu. Mu da muka zo ƙasar nan daga ƙetaren teku, da akwatuna muka zo, da albashi, da gidan da aka shirya mana. Abin da muka koya na gaske mun koye shi ne a inda kuɗinmu ba su da amfani, watau a cikin harshe. Mutum mai takardar shaidar ilmin tauhidi ya zauna a kan tabarma, yara suna dariya domin ya kasa raba baƙi da baki, ko kuwa ya ce kunu inda ya kamata ya ce kunne. Wannan kunya ta yi mana amfani fiye da darussa masu yawa.

Akwai wani ɗan ƙasar nan wanda ya kamata kowane Kirista mai karanta Hausa ya san sunansa, shi ne Dorugu. An haife shi a wani ƙauye na ƙasar Damagaram wajen shekara ta 1840. Yana yaro aka kama shi bawa, aka yi ta sayar da shi har ya iso Kukawa, babban birnin Borno na lokacin. A can wani Bajamushe mai yawon bincike, Adolf Overweg, ya 'yanta shi tare da wani yaro Bamargi mai suna Abbega. Da Overweg ya rasu a bakin tafkin Chadi a 1852, sai yaran suka bi abokinsa Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasar su ke kira Abdulkarim. Dorugu ya je Tambutu, ya komo ta Sakkwato da Kano, ya ƙetare hamada zuwa Tarabulus, a 1855 kuwa ya sauka Ingila. Bai kai shekara ashirin ba, ba shi da ko anini na kansa.

A Ingila ya zauna a gidan wani mai bishara, J. F. Schön, wanda ya daɗe yana fama da koyon Hausa. Yaron da aka saya a kasuwa shi ya zama malamin wannan dattijo. Daga bakinsa Schön ya rubuta tatsuniyoyi da labarin rayuwarsa, waɗanda aka buga a littafin Magana Hausa a 1885, da taimakonsa kuma aikin juya sassan Littafi Mai Tsarki na farko cikin Hausa ya ci gaba. Abin da ya fi burge mu cikin labarinsa shi ne idonsa. Ya dubi Turawa yadda su kan dubi wasu, ya kwatanta cin abincinsu da tufafinsu da al'adunsu a natse, ba tsoro ba raini. Abbega ya komo a 1857, daga baya har ya yi sarautar Lakwaja. Dorugu sai a 1864 ya komo, ya yi aikin tafinta, a ƙarshen ransa ya koyar a makarantar Ɗan Hausa a Nasarawa ta Kano, ya rasu a can a 1912. Ya komo ƙasar Hausa, amma ƙauyen da aka ɗauke shi da yaron da aka ɗauka duk sun wuce. Duka karin maganar nan biyu sun cika a kansa.

To, kada wani ya ɗauka muna yabon talauci. Yunwa malama ce mai zafin hannu, ba dukan ɗalibanta su ke fita lafiya ba. Dattawan Bulumkutu ba su bukatar a tuna musu da watan Oktoba na 1982. Bayan an kashe Muhammadu Marwa, wanda a ke kira Maitatsine, a Kano cikin Disamba 1980, waɗansu mabiyansa suka watsu, wasu suka taru a unguwar nan, har aka yi faɗan da ya ci rayuka masu yawa. Malaman Musulunci na gari sun ƙi koyarwarsa tun farko. Amma da yawa daga cikin waɗanda suka bi shi samari ne da suka baro ƙauyukansu neman karatu ko abin kai wa baka, suka iske birni ya rufe musu ƙofa. Suka sami wanda ya ba su abinci da wurin kwana, ya kuma gaya musu wanda za su ƙi. Tafiyar da ta tuɓe Yakubu ita ta tuɓe su, sai dai wanda ya tarbe su daban ne. Mutumin da ba shi da kowa, duk wanda ya fara ba shi tuwo ya sami kunnensa.

Saboda haka rabin amsar tambayar uwar nan tana hannun mutanen da ɗanta zai iske, mu kuwa mu ne mutanen da 'ya'yan wasu su ke iskewa. Tun da aka buɗe Jami'ar Maiduguri a 1975 ɗalibai su ke zuwa garin nan daga nesa, daga 2009 kuma rikici ya koro dubban mutane daga Gwoza da Bama da sauran garuruwa, waɗanda ba su zaɓi tafiya ba sam. Shari'ar Musa ta umarci Isra'ila su ƙaunaci baƙo, dalilin da ta bayar kuwa shi ne su ma sun yi baƙunci a Masar (Littafin Firistoci 19:33-34). A nan Hausa ta yi daidai da Helenanci, gama a harsunan biyu kalma ɗaya ce ta ke nufin wanda ba a sani ba da wanda a ke yi wa shimfiɗa. Muna ganin babbar alamar da za a gane ko tafiya ta amfani mutum ke nan. Wanda ya taɓa kwana a tashar mota da yunwa, in ya komo ya ga baƙo a ƙofar ɗakin sujada bai matsa masa a benci ba, to, ƙafarsa ce kaɗai ta yi tafiyar.

Sauran rabin yana hannun matafiyin. Daniyel ya yi karatun shekara uku a Babila, ya koyi harshensu da littattafansu, har ya bari aka sauya masa suna, amma ya tsaya a kan abinci da addu'a. Ya san abin da za a iya saki da abin da ba a saki. Yaron da bai rarrabe waɗannan kafin ya tashi ba, ko dai ya ƙi kome na baƙuwar ƙasa ya komo yadda ya tafi, ko kuwa ya haɗiye kome ya komo baƙo a gidan ubansa. Mun ga irin na biyun ba sau ɗaya ba. Ya kan dawo Hausarsa ta cika da Turanci, tuwon uwarsa ya zama abin ƙyama, in dattijo ya yi kuskure a karatun Littafi shi ne mai gyara shi a gaban jama'a. Ilminsa na gaske ne, ikkilisiya kuwa tana bukatarsa, amma ba mai iya karɓa daga hannun da ke nuna raini.

Yakubu ya komo da ƙungiya biyu, duk da haka sau bakwai ya sunkuya ƙasa a gaban Isuwa. Ya aika masa da dabbobi fiye da 500. A Farawa 33:11 kalmar Ibrananci da ya kira kyautar da ita, ita ce kalmar albarka, abin nan da ya sace shekara ashirin da suka wuce. Ya komo ne ya mayar da abin da ya ɗauka. Ko a nan ma Littafi bai ɓoye mana sauran tsohon hali ba, gama ya ce wa Isuwa zai biyo shi zuwa Seyir, sa'an nan ya karkata zuwa Sukkot.

Da muka sake ganin uwar nan, mun gaya mata a fili cewa yaron da ta sallama ba shi zai komo ba, kada kuwa ta roƙi Allah haka. Sa'an nan muka tambaye ta ko an rubuta masa takarda. Ikkilisiyar farko ba ta sakin mutum hanya hannu wofi. 'Yan'uwa na Afisa sun rubuta wa na Akaya su karɓi Afolos (Ayyukan Manzanni 18:27), Bulus kuma ya gabatar da Fibi ga Kiristocin Roma, ya roƙe su su taimake ta da duk abin da ta ke bukata (Romawa 16:1-2). Ba a rubuta masa ba, ba wanda ma ya yi tunanin haka. A makon nan fasto da dattawa suka zauna suka rubuta, suka sa hannu, aka nemi sunan wata ikkilisiya a garin da za shi. Uwar ta ninke takardar ta sa masa cikin jaka, tare da ƙullin kuka da daddawa.