Wanda Ya Iso Ƙarshe A Kan Tudu

Karatu: Galatiyawa 6:1-5

In ka taɓa bin hanyar Garwa zuwa Ngaundere a ƙasar Kamaru, ka san wurin nan da hanya take hawa dutse tana lanƙwasawa, har manyan motoci sukan yi ta nishi. Ngaundere tana bisa tudun Adamawa, fiye da mita 1,000 sama da teku. Akwai waɗansu samari masu ƙungiyar hawan keke da sukan gangara wannan hanya ran Asabar da sassafe, sa'an nan su juyo su hau. Ɗaya daga cikinsu ɗan ikilisiyarmu ne, hirarsa kuwa ta taimake ni a kan ayoyi biyu da suka daɗe suna damuna.

A aya ta 2 Manzo Bulus ya umarce mu mu taya juna ɗaukar nauyi. A aya ta 5 kuma ya nuna kowa yana da nasa kayan da zai ɗauka da kansa. To, wanne za mu bi?

Saurayin nan ya ce a hanya mai shimfiɗa, babban abokin gaban mai keke iska ce. Saboda haka sukan jeru, na gaba yana tsaga iska, na bayansa yana samun sauƙin da ya kai kusan kashi ɗaya cikin uku na wahalar. In na gaba ya gaji sai ya koma baya, wani ya karɓa. Amma da an fara hawa, gudu ya ragu, iska ba ta da wani ƙarfi kuma. Abin da ya rage shi ne nauyin jikinka da na kekenka, ba kuwa mai taka maka feda. Nan ne jerin yakan tsinke.

Haka yake a cikin bin Yesu. Kuɗin makarantar maraya, jinyar mara lafiya, noman gonar gwauruwa, waɗannan iska ce, ana iya raba su, kunya ce kuwa ga ikilisiyar da ta bar mutum ɗaya da su. Amma tuba, da gafarta wa wanda ya cuce ka, da baƙin cikin rasa ɗa, waɗannan tudu ne. Ko fasto ba ya iya hawa maka.

Ke nan sai mai ƙarfi ya yi tafiyarsa, tun da ba abin da zai iya yi? Yana da hujja, ban raina ta ba. Shi ma ya sha wahala kafin ya sami ƙarfin nan, in kuma ya daɗe a tsaye jikinsa yakan yi sanyi. Duk da haka dokar ƙungiyar ita ce a jira a kan tudu har na ƙarshe ya iso. Ka tuna a Farawa 33 Yakubu ya ƙi bin saurin Isuwa saboda yara da dabbobi masu shayarwa. A Maimaitawar Shari'a 25 kuma, gajiyayyun da suke baya su ne Amalekawa suka fāɗa wa.

Ga abin da ya fi taɓa ni. Saurayin ya ce akwai jiran da mugunta ce. Masu ƙarfi sun iso, sun sha ruwa, sun huta minti goma. Da na ƙarshe ya ɓullo yana haki, sai su ce, to mu tafi. Wanda ya fi kowa bukatar hutu, shi kaɗai ne bai huta ba, su kuwa suna ganin sun kyauta.

Na yi shiru, gama na tuna da wata 'yar'uwa da ta yi wata shida ba ta zo sujada ba bayan rasuwar mijinta. Mun yi mata addu'a, mun jira. Ran da ta dawo, tun ba ta zauna da kyau ba na ce, Mama, zumuntar mata tana jiranki da aikin ma'aji. Ta ce to. Lahadi ta gaba ba ta zo ba. Sai da matata ta yi mako uku tana zuwa gidanta da yamma, suna ɓare gyaɗa ba tare da zancen aiki ba, kafin muka sāke ganinta a bencin baya.