Tankar Yaƙi a Tafin Hannu

Akwai wani abin sha'awa da manya ke yi a Japan da Turai. Mutum zai sayo kwali cike da gutsattsarin roba, ya zauna yana yankawa yana mannawa da gam, har 'yar ƙaramar tankar yaƙi ta fito. Kamfanin Tamiya da ke Shizuoka a Japan ya yi suna a wannan harka, da awon 1/35, wato a raba tsawon ta gasken gida 35, a ɗauki ɗaya.

Ɗauki Tiger I ta Jamus, wadda ta shiga fagen daga a 1942. Nauyinta ya haura tan 50, amma ga ta a hannunka, tsawonta bai wuce santimita 25 ba.

To, shin ya dace mutum ya ji daɗin ƙawata abin da aka ƙera don kisa?

Ni dai ban ga aibun haƙuri da iya hannu ba. Abin da ke damuna shi ne, mai haɗawa zai shafa fentin tsatsa, ya sa taɓo, har gurbin harsashi zai fitar, amma ban da jini. Alhali mutum 5 ne ke shiga ta gasken, kuma in ta kama da wuta ba kowa ke samun fita ba. Balle waɗanda ke gaban bindigarta.

Saboda haka in za ka haɗa, haɗa abinka. Amma kafin ka manne murfin sama, daure ka tuna da mutanen nan. Su ba a rage musu komai gida 35 ba.