Kukan Zuci A Kan Takarda

Ko ya dace mai bi ya ɗauki alƙalami ya rubuta baƙin cikinsa, ko tsoronsa, ko fushinsa, domin waɗansu su karanta? Ya kamata mu auna wannan tambaya da kyau, gama masu karatu sun yi yawa cikin ekklesiyoyinmu, kuma mai waya a hannu yana iya aika maganarsa ga mutum ɗari kafin ya tashi daga kan tabarma.

Mu a ƙasar Kabi, da kunya da dauriya aka yi renonmu. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, namiji kuwa ba ya kuka a gaban jama'a. Manya sukan ce ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba. Akwai hikima a nan, ba mu raina ta ba. Amma zurfin ciki yana da tasa hasara. A daminar 2020 ruwa ya yi ambaliya ya cinye gonakin shinkafa a fadamun Augie da Argungu da Birnin Kebbi. Mu ɗauka akwai magidanta 10 cikin ekklesiya guda waɗanda suka ci bashin iri da taki, ruwa ya kwashe duka. Kowannensu ya kwana yana tambayar Allah dalili, da safe kuwa aka gaisa, kowa ya ce lafiya lau. Ashe kowane ɗaya zai zaci shi kaɗai ne mai raunin bangaskiya. Da ɗayansu ya faɗi gaskiyar zuciyarsa, da sauran 9 sun sami sauƙi.

Saboda haka muna cewa ya dace a rubuta. Abin da ya rage shi ne yadda za a rubuta. Ba mai kawo wa baƙo shinkafa shanshera a akushi ya ce masa bismilla. Sai an turara ta, an shanya, an surfe, an sheƙe ƙaiƙayi, kana a dafa. Haka abin da ke zuciya yake. Ɗanyensa namu ne, mu kai shi gaban Ubangiji cikin addu'a yadda yake. Wanda za mu miƙa wa 'yan'uwa kuwa sai mun yi aiki a kansa, har ya zama abinci gare su.

Mu duba Dauda. Kan maganar Zabura 51 ya gaya mana lokacin da ya yi ta, watau bayan annabi Natan ya zo wurinsa a kan zancen Batsheba. Amma cikin addu'ar kanta ba sunan matar, ba sunan mijinta Uriya, ba labarin yadda abin ya faru. Dauda ya fitar da abin da ke nasa shi kaɗai, ya bar abin da kowane mai zunubi ya sani, wato nauyin laifi da marmarin tsarkakewa. Ya kuma yi alkawari cewa in an gafarta masa zai koya wa masu laifi hanyar Allah. Tun yana cikin kuka yana tuna da waɗanda za su ji. Shi ya sa manomi a Augie yake iya buɗe Littafi Mai Tsarki, wanda aka buga dukansa da Hausa tun 1932, ya yi addu'ar sarkin Isra'ila kamar tasa ce.

A ƙasarmu ma akwai misali a wurin maƙwabtanmu Musulmi. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanen Shehu Usmanu, wanda kabarinsa ke Gwandu, shi ne ya ci Birnin Kebbi da yaƙi a 1805. A shekarar nan kuma jama'arsa suka sha kashi a Alwasa, mutanensa da yawa suka mutu. A 1807 zuciyarsa ta ɓaci ƙwarai, gama ya ga abokansa na kirki sun ƙare, waɗanda suka rage sun koma neman sarauta da dukiya. Ya bar rundunar ya nufi gabas, har ya tsaya a Kano. Bai ɓoye wannan ba. A 1813 ya tattara waƙoƙinsa cikin littafinsa Tazyinul Waraƙati, yana bayyana dalilin kowace waƙa, har da wannan baƙin ciki. Abu biyu za mu lura da su. Da yake zargin jama'arsa, bai cire kansa daga cikin masu laifin ba. Kuma ɓacin ransa bai tsaya a kan kuka ba, domin a Kano ya rubuta wa masu mulki littafi a kan yadda za su riƙe jama'a bisa shari'a. Addininmu dabam ne da nasa, amma wannan darasi na kowa ne.

To, mai rubutu ya tambayi kansa tun da fari, wa zai amfana? In muradinsa a ji tausayinsa ne, ko a yabe shi da haƙuri, ko a tsani wanda ya cuce shi, to kansa yake yi wa hidima. Gara ya je wurin fasto ko wani dattijo su yi magana su biyu. Manzo Bulus ya gaya wa Korantiyawa, cikin wasiƙarsa ta biyu sura 1, cewa wahalar da ta same shi a Asiya ta fi ƙarfinsa har ya fid da zuciya ga rai. Amma ya faɗi dalilin ba da labarin: ta'aziyyar da Allah ya yi masa, ita ce zai yi wa waɗansu da ita.

Na biyu, ya rufa asirin mutane. Ciwonmu namu ne, muna da iko mu bayyana shi. Laifin miji, ko na suruka, ko na ɗan'uwa cikin ekklesiya, ba mu da iko mu shanya shi a kasuwa. Magana zarar bunu ce, rubutacciya kuwa ta fi wuyar mayarwa, gama jikokin wanda aka ambata za su iske ta.

Na uku, kada ya yi ƙarya domin ya gyara ƙarshen labari. Mun saba da shaida mai ƙarewa da murna, har waɗansu suna tsammani in ba nasara ba shaida. Gwauruwar da ta rubuta cewa hawayenta sun bushe, alhali tana kuka kowane dare, ta ɗora wa 'yar'uwarta sabuwar gwauruwa kaya, domin wannan za ta ce, me ya same ni da nawa ba su bushe ba? Zabura 88 ta fara da kuka ta ƙare da duhu, duk da haka tana cikin Maganar Allah. Ya isa mutum ya ce har yanzu ina jin zafi, amma ga abin da ke riƙe da ni.

'Yan'uwa, wanda ya sha wuya yana da abin da mai wa'azi ba shi da shi. In Allah ya bi da ku ta hanya mai tsanani, kada ku binne abin da kuka koya. Ku kai shi gaban Ubangiji tukuna, ku dakata har zafin fushi ya sauka, ku ba wani amintacce ya karanta. Sa'an nan ku rubuta, kuna tuna da ɗan'uwan da yake tsaye yau inda kuka tsaya bara.