Sanyi Ɗaya, Rabo Biyu

Tun 1950 a ke bikin dusar ƙanƙara a Sapporo, wani birni na ƙasar Japan. Baƙi su kan kashe kuɗi su je can hutu, don daɗin sanyi. A Kano kuwa hunturu kyauta ya ke zuwa, amma ba daidai ya ke rabo ba. Cikin Disamba ɗan kasuwar Sabon Gari ya kan rufe rumfa ya tafi gida hutun Kirsimeti. Ɗan ci-rani kuwa ya sauka Fagge, tsohon zangon Buzaye, ya kwana a zaure ba mayafi.

Shin laifi ne mai bargo ya ji daɗin sanyi? A'a, hutu hakkin wanda ya yi aiki ne. Laifin shi ne ya kulle bargo na biyu cikin adaka, alhali yana jin tarin baƙo a ƙofar gidansa.