A Bakin Tafkin Baitasda: Sa'ad da Magani Bai Isa Kowa Ba



A sura ta 5 ta Bisharar Yohanna an ba mu labarin wani tafki a Urushalima, kusa da Ƙofar Tumaki, wanda ake kira Baitasda. Makafi da guragu da shanyayyu suna kwance a shirayinsa biyar, kowa ya zuba wa ruwa ido, gama an gaskata cewa in ruwan ya motsa, wanda ya riga shiga shi ne zai warke. A cikinsu akwai wani da ya shekara 38 yana fama da ciwo. Da Ubangijinmu ya yi masa magana, mutumin bai yi kukan zafin jiki ba. Kukansa shi ne ba shi da mai ɗaukarsa ya sa shi cikin ruwa, kafin ya ja jiki wani ya riga shi. Mun saba karanta wannan sura domin al'ajibin da ya biyo baya. Yau bari mu dakata a bakin tafkin tukuna, mu dubi dokar da ke mulkin wurin: waraka ɗaya, mabukata da yawa, mai ƙarfi da mai mutane su ke samu.

Ba sai mun je Urushalima ba kafin mu ga irin wannan tafki. Dattawanmu suna tune da sanƙarau na 1996, wanda ya kama mutum fiye da 100,000 a ƙasar nan, ya kashe fiye da 11,000, yawancinsu a Arewa. Shekarar 2020 kuwa dukanmu mun gan ta. Ran 27 ga Fabrairu aka tabbatar da mai cutar korona na farko a Legas. Kafin watan Maris ya ƙare an kulle Kaduna, Gwamna Nasir El-Rufai da bakinsa ya sanar cewa ya kamu, muka yi Ista ta ran 12 ga Afrilu a ɗakunanmu, ƙofofin majami'u a rufe. A lokacin, cibiyar killace masu cutar tana Kakuri, a wannan ƙetaren kogi, unguwar da asibitinmu na St. Gerard's yake tun 1957. Bishop-bishop na Katolika suka miƙa wa gwamnatin tarayya asibitoci da ɗakunan shan magani 425 domin a yi amfani da su. Da cutar ta sake tasowa a farkon 2021, abin da ya yi wuyar samu shi ne iskar oksijin, har gwamnatin tarayya ta amince a gina wuraren sarrafa ta 38 a faɗin ƙasa.

Allah ya yi mana sauƙi, gawawwaki ba su cika titunanmu ba kamar yadda aka yi tsoro. Amma wanda ruwa ya yi wa rangwame bana, bai kamata ya ce jinkarsa ba ta yoyo ba.

Bari mu ƙaddara wani dare. Ƙarfe biyu, wuta ta ɗauke, man janareta ya kusa ƙarewa. Tukunyar iska ɗaya ta rage a ɗakin jinya. Ga tsoho, mai koyar da katekisim shekara da shekaru, numfashi yana sarƙe masa. Ga wata mace mai goyo da aka kawo daga Nasarawa, ita ma haka. Likita ɗaya ne a bakin aiki, ƙila bai daɗe da gama bautar ƙasa ba. Wa zai ba? Da wane ma'auni? In gari ya waye, wa zai tsaya a bayansa sa'ad da dangin wanda ya rasu suka taso masa?

Kada mu ce wannan tatsuniya ce. A arewacin Italiya, ƙasa mai arziki, likitocin Bergamo sun fuskanci wannan a watan Maris 2020, marasa lafiya suka fi na'urorin taimakon numfashi yawa. Ran 6 ga watan, ƙungiyar likitocin ɗakunan kulawa ta musamman ta ƙasar ta fitar da shawarwari a rubuce, har ta ce mai yiwuwa a kai ga sa iyakar shekaru ga masu shiga ɗakin. Maganar ta tayar da ƙura, ta kuma cancanci a yi mata gardama. Duk da haka sun yi abu ɗaya mai kyau: sun fito da ma'auninsu fili, kowa ya gani, kowa ya soki abin suka.

Likitocinmu sun shirya? A wani fanni sun fi na Turai sanin rashi. Kullum suna raba abin da bai isa ba: jini leda ɗaya, gado ɗaya, allura ɗaya. Sai dai sabo da rashi daban, shiri daban. An koya wa likita ya yi yaƙi domin ran wanda ke gabansa, ba a cika zaunar da shi a koya masa yadda zai zaɓa tsakanin rai da rai ba. Inda kuwa babu ƙa'idar da aka yarda da ita tun da wuri, dokar Baitasda ce ke dawowa. Mai kuɗin ajiya a hannu ya shiga ruwa, mai kawu a ofis ya shiga, gwauruwar da ta zo ita kaɗai daga Ungwan Romi ta ci gaba da kwanciya a shirayi.

Ikklisiya ba ta bar mu cikin duhu ba a kan wannan. A watan Nuwamba 1957 Paparoma Pius na 12 ya amsa tambayoyin likitoci game da na'urar numfashi, ya koyar cewa wajibinmu shi ne hanyoyin jinya na kullum, waɗanda ba su ɗora wa mutum nauyin da ya fi ƙarfinsa. Paparoma Yohanna Bulus na 2, wanda ya taka ƙasar Kaduna a 1982, ya ƙara bayani cikin wasiƙarsa Evangelium Vitae ta 1995: kashe marar lafiya da gangan babban zunubi ne, amma janye jinyar da ba ta da sauran amfani sai tsawaita wahala ba kisa ba ne. Saboda haka likitan da ya duba da gaskiya, ya ba da tukunyar iska ga wanda ya fi bukata kuma iskar za ta fi yi wa amfani, bai yi kisankai ba, ko da ɗayan ya rasu. Muna faɗin wannan da ƙarfi domin akwai likitoci da nas-nas a cikinmu waɗanda lamirinsu ke damunsu a ɓoye. Abin da aka hana shi ne auna darajar mutum. Shekaru suna iya nuna wa likita ƙarfin jikin marar lafiya, amma ran tsoho da na naƙasasshe da na matalauci ba su fi na kowa araha ba. Wasiƙar Yakubu, sura ta 2, ta tsauta wa jama'ar da ke ba mai zoben zinariya wurin zama mai kyau, ta bar matalauci a tsaye. Abin da ya haramta a kujerar majami'a bai halatta a gadon asibiti ba. (Abin kunya ne a ce wani likitan sojan Napoleon, Dominique Larrey, ya gane wannan shekara 200 da suka wuce, yana fara duba wanda rauninsa ya fi tsanani ba tare da kallon muƙami ba, mu kuwa masu baftisma muna jinkiri.)

Yanzu ga inda maganar ta taɓa mu. Wane ne ke buga wa babban mutum waya da tsakar dare domin a tsallake layi? Mu ne. Wane ne ke raɗa wa nas da yaren gida, yana tuna mata cewa ƙauyensu ɗaya? Mu ne. Ƙaunar namu ce ke sa mu, ba mu musu, amma gadon da muka samu ta wannan hanya daga hannun wani muka fizge shi, wanda ba mu ga fuskarsa ba. A garin nan kuma akwai wani rauni dabam. Tun rikicin 2000 da na 2002 kogin Kaduna ya zama kamar iyaka, kowa ya koma wajen nasa. Ranar da aka fara raɗe-raɗin cewa wani asibiti yana duba suna ko addini kafin ya ba da iska, ko gaskiya ne ko ƙarya, wutar da za ta tashi za ta fi annobar ɓarna. Ƙa'idar da aka rubuta aka manna a bango, wadda Musulmi da Kirista za su iya karantawa, garkuwa ce ga likita, ga marar lafiya, da garin baki ɗaya.

Manzanni sun taɓa fuskantar gunaguni irin wannan. A Ayyukan Manzanni sura ta 6, an yi ƙarar cewa ana tsallake gwaurayen wani ɓangare wajen rabon abinci na kullum. Ba su ce a yi haƙuri kawai ba. Sun tara jama'a, aka zaɓi mutum bakwai masu kyakkyawar shaida, Istifanus a cikinsu, aka danƙa musu rabon. Haka muke roƙon kowane asibiti da ɗakin shan magani na Ikklisiya ya yi tun ana zaman lafiya: a kafa 'yan mutane kaɗan, likita da nas da Fada da wani amintacce daga unguwa, su rubuta ma'auni, su kuma yarda a tashe su da dare, domin kada nauyin ya faɗa kan yaro ɗaya mai farar riga.

Wanda bai sami tukunyar iska ba kuwa, ba a gama da shi ba. Yana da hakkin maganin rage zafi, da ruwa, da tsabta, da hannun da zai riƙe nasa, da Fada mai kawo masa shafewar marasa lafiya. A nan Zumuntar Mata da 'yan ƙungiyar St. Vincent de Paul suke da aiki, gama wurin wanda ba shi da kowa ne Ubangijinmu ya nufa a bakin tafkin.

Ran 11 ga Fabrairu ita ce Ranar Marasa Lafiya ta Duniya, ta kuma faɗo a bakin lokacin zafi, sa'ad da sanƙarau ya saba tasowa. Kafin ranar, bari kowane gida ya zauna da tsofaffinsa ya ji abin da suke so a yi musu in numfashi ya yi wuya. Matasa masu lafiya su je a gwada rukunin jininsu, su bar suna da lambar waya wurin katekis.